Addu'ata Ta Ƙafe Kamar Rijiyar Bazara

Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni 'yar Katolika ce, shekarata 34, ina da aure da yara uku. A Mabera muke zaune, ɗinki nake yi a shago. Tun ina yarinya ban san fashin Rosari, addu'ar carbi tamu ta Katolika, ba, amma yau wata takwas ke nan addu'a ta fita raina. In na ɗauki carbi, baki na tafiya, zuciya na can wurin kuɗin makaranta ko ɗinkin da ban gama ba. Wani lokaci barci ya sace ni ban kai goma ta biyu a ƙwayoyin carbin ba. Ina zuwa Mas ran Lahadi, amma kamar dutse aka ajiye a kan benci. Abin da ya fi ci mini rai, ni ke jan Rosari a Zumuntar Mata, ana ta yabona, ni kuwa na san munafunci nake yi. Har na daina tashi karɓar Jikin Almasihu. Maƙwabtana Musulmi da an kira salla sun miƙe, sai kunya ta rufe ni. Wata ƙawata kuma tana ta jana zuwa cocinsu, wai a can ne wuta ke sauka. Mama, Allah ya juya mini baya ne? In ajiye jan Rosarin? In bi ƙawata? Af, na manta, ƙanena ya rasu bara a watan Satumba, bayan mun yi masa nobena, addu'ar kwana tara, har sau uku. Amma wannan mun riga mun bar wa Allah.

Daga 'yarki a Mabera, Sakkwato.

'Yata, sannu da ɗawainiya, sannu kuma da rashi. Allah ya ji ƙan ƙanenki, ya ba shi hutu na har abada.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma daga gindi zan fara amsa ta, don a can kika tura kan maganar. Na ƙirga da yatsuna, daga Satumba zuwa wannan wata na Mayu wata takwas ne cif. Ke da bakinki kika ce wata takwas ke nan da addu'a ta fita ranki, sannan kika ce "af, na manta". A'a 'yata, ba ki manta ba. Yaya ba ta manta ƙanenta.

Kin san irin zaman nan da mace kan yi a gidan miji in an ɓata mata rai ƙwarai, amma ba ta yi yaji ba, ba ta kuma kai ƙara gida ba. Da safe za ta gaida maigida yadda ta saba. Ruwan wanka na nan, tuwo na sauka a kan lokaci, kayansa a wanke a goge. Ko dangin miji ne suka zo ba su da abin kamawa. Sai dai hira ta mutu. In ya ce lafiya, ta ce lafiya lau. To ina jin irin zaman da kike yi da Ubangiji ke nan tun Satumba. Kin roƙe shi kwana tara sau uku, kwana 27 ke nan, da hawaye, wataƙila har da azumi, ƙarshenta aka haƙa kabari. Ranki ya ɓaci, amma tarbiyyar da aka yi mana ba ta bar ki kin faɗa ba. Masu ta'aziyya suka ce ya haƙuri, kika ce da godiya, kika ɗaure maganar kika tura ƙarƙashin gado. Baki na cewa "A gaishe ki Maryamu", zuciya kuwa ta ja ƙofa ta sa sakata. Daga takarda nake magana, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Amma ki auna abin da na faɗa a ranki ki gani ko bai zauna daidai ba.

Ki buɗe Bisharar Yohanna sura 11. A can ma mata biyu ne da ɗan'uwansu kwance ba lafiya. Marta da Maryamu suka aika wa Yesu cewa wanda kake ƙauna yana ciwo. Saƙo ya isa, ya ƙara kwana biyu a inda yake. Kafin ya iso Betanya, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Marta ta fita ta tare shi a hanya, ba a rubuta ko sannu da zuwa ta yi masa ba. Abin da ta fara cewa shi ne, Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu kuwa ko fitowa ba ta yi ba, tana zaune a gida cikin masu makoki, sai da 'yar'uwarta ta koma ta raɗa mata cewa Malam ya iso, yana kiranki. Ta tashi ta je ta faɗi a gabansa, ta maimaita maganar nan kalma da kalma. Ki duba da kyau ko ya tsawata wa ɗayansu. Bai ce sun yi saɓo ba, bai ce ina tawakkalinku ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi kuka. Na san za ki ce ai su an tayar musu da nasu a ranar. Gaskiya ne, naki sai ranar tashin matattu, kuma ba zan ƙirƙiro miki dalili don in sanyaya miki rai ba. Abin da nake so ki gani shi ne matan nan biyu sun kai masa ɓacin ransu a fili, ke kuwa kin riƙe naki don ladabi.

Mu nan ƙasar Hausa, Kirista da Musulmi, an raine mu a kan cewa ba a tuhumar Allah. Akwai alheri a ciki, ba na rainawa. Amma a cikin Zabura 150 da ke Littafi Mai Tsarki, da yawa ƙorafi ne tsagwaronsa. Zabura ta 13 sau huɗu tana tambayar har yaushe. Ta 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko layi ɗaya na cewa daga baya komai ya yi daidai, kuma ita ce Ikkilisiya ta sa a addu'ar kwanciya barci ta kowace Juma'a, wadda Fada-fada da Sistoci ke yi a duniya duka. Ubangijinmu kansa a kan gicciye da farkon Zabura ta 22 ya ɗaga murya: Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni? In faɗin haka rashin bangaskiya ne, da ba mu ji shi a bakinsa ba.

Ni ma na yi wannan zama, shi ya sa na gane shi a wasiƙarki. Shekarar da maigidana ya rasu a hatsarin mota, na fi wata goma ina koyar da yara katekisim ran Asabar, ina zuwa Mas, ina ba da baiko, ba wanda ya san ni da Allah gaisuwa ce kawai ta rage mana. Wata Talata da azahar na taso daga makaranta, maimakon in wuce gida sai na ce wa ɗan kabu-kabu ya sauke ni a babban cocinmu na Holy Family. Babu wuta, fankoki a tsaye, ba kowa sai wani dattijo yana share tsakanin bencina. Na zauna can baya ina kallon 'yar jar fitilar nan da ke gefen akwatin Sakramenti. Na daɗe ban ce komai ba. Can sai na ji bakina ya ce, "Ka ci amanata." Na tsorata, na yi tsit ina jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya faɗo, tsintsiyar dattijon nan kawai nake ji. Sai kuka ya ɓalle mini, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Ba zan ce miki na fito da farin ciki ba, daɗin addu'a bai dawo ba sai bayan watanni. Amma daga ranar na koma yi masa magana, ko da faɗa ne.

Don haka abu na farko da zan sa ki, ki rufe shago wata rana a tsakiyar mako, ki je coci lokacin da ba kowa. Kada ki ɗauki littafin addu'a, carbin ma ki bar shi a jaka. Ki zauna ki faɗa masa yadda aka yi tun daga ranar da ciwon ya fara, da harshen da kike kuka da shi, ko Hausa ne ko yaren garinku. Ki kira sunan ƙanenki da baki. In abin da ya fito zafi ne, ki bar shi ya fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, balle a gaban wanda ya halicci cibin.

Bari in tsaya kaɗan a kan nobenar nan, don ina zargin akwai wata ƙaya a wurin. Saƙonnin da ake ta turo mana a WhatsApp, wai ga addu'ar da ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, ka yi kwana tara ka tura wa mutum goma buƙatarka ta biya, ba koyarwar Ikkilisiya ba ce, kuma suna yi wa mutane ɓarna. Wanda ya gaskata su, ranar da buƙata ba ta biya ba ɗayan biyu ne: ko ya ce Allah ya saɓa alkawari, ko ya ce shi ne bai yi daidai ba, ya tsallake rana, ko zunubinsa ne ya tare hanya. In kina ɗauke da wannan na biyun, ki sauke shi yau. Ba kuskurenki ne ya kashe ƙanenki ba. Asalin nobena kwanaki taran nan ne da manzanni suka yi tare da Uwarmu Maryamu a bene suna addu'a, tsakanin hawan Yesu sama da Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki. Jira ne suka yi, ba ciniki ba. Ki kuma tuna Yesu sau uku ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ke ma sau uku. Ba cikin 'yan bora aka sa ki ba.

Yanzu ga tambayarki, ko Allah ya juya miki baya tunda ba kya jin komai. In kin taɓa bi ta fadamar gulbin Rima da rani kin ga masu albasa da tattasai, za ki gane misalin da Waliyyiya Teresa ta Abila ta bayar. 'Yar ƙasar Sifen ce, ta rayu daga 1515 zuwa 1582. Ta ce zuciya lambu ce, addu'a kuma ban ruwa, kuma hanyar ban ruwa huɗu ce. Akwai mai jan guga daga rijiya da ƙarfin damtsensa. Akwai mai na'urar ɗebo ruwa, kamar a ce jigo ko injin da manomanmu ke tayarwa yanzu, wahala kaɗan ruwa da yawa. Akwai wanda rafi ke bi ta cikin lambunsa. Akwai kuma wanda ruwan sama ke sauko masa yana zaune. Yawancinmu, yawancin kwanakinmu, masu guga ne. Ta kuma ce akwai ranakun da za ka zura guga ka jawo shi wayam, ka sake zurawa ka jawo wayam. Shawararta ga mai lambun ita ce kada ya jefar da gugan, don lambun ba nasa ba ne, na Maigida ne, kuma Maigidan yana ganin wanda ya zo aiki. Matar nan ba daga littafi ta koyo wannan ba. Ta yi kusan shekara 20 tana fama da addu'a, ta faɗa da kanta cewa sau da yawa hankalinta na kan agogo, tana jiran lokaci ya cika ta tashi. Mama Teresa ta Kalkata ma, da duniya ke ganin murmushinta, sai a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, da aka buga wasiƙunta, aka san ta yi kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah a ranta, tana kuwa tashi da asuba kullum ta durƙusa.

Jin daɗi a addu'a kyauta ce, in ta zo a gode. Amma ba da shi ake auna ko addu'a ta karɓu ba. Ke mai ɗinki ce. Ranar da kike nishaɗi da ranar da kanki ke ciwo, in kin taka keke kin bi layi, rigar duk ta ɗinku.

Batun barci da yawon zuciya kuwa, kada ki mayar da shi babban laifi. Mace ta wuni a kan keken ɗinki a wannan zafi na Sakkwato da ke haura digiri 40, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wa yara uku wanka, ƙarfe goma na dare ta zauna a kan katifa ta ɗauki carbi, in ba ta yi barci ba ai sai a kai ta asibiti. Waliyyiya Teresa ƙarama ta Lisiyo a Faransa, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ta yi shekaru tana gyangyaɗi a lokacin addu'a, kuma ta ce bai tayar mata da hankali ba, don iyaye na son ɗansu yana barci kamar yadda suke son sa ido biyu. Ita ma ta amsa cewa Rosari na yi mata wuya ƙwarai in ita kaɗai ce. Abin da za ki gyara lokaci ne da yawa. Ki rage. Goma ɗaya tak a rana, a zaune a kan kujera ko a tsaye, da sassafe kafin yara su tashi, ko a shago kafin ki zare mayafin keke. In kuɗin makaranta ya faɗo miki a rai a tsakiyar addu'a, kada ki kore shi kamar ƙuda, ki ce Uwa, ga shi nan, kin ga abin da ke damuna, ki ci gaba. Ni nakan ba kowane ƙwayar carbi sunan mutum ɗaya, wannan na wane, wannan na wance. Ki ba ƙanenki ƙwayar farko kullum. In goma ɗaya ta zauna da gindinta wata guda, sauran za su biyo a hankali. Dama mu Katolikan wannan yanki da carbi aka raine mu, tunda Fada-fadan Dominikan daga Amurka ne suka raini Ikkilisiya a nan, bishof ɗinmu na farko da na biyu, Edward Lawton da Michael Dempsey, duk 'yan wannan ƙungiya ne, ita kuwa an san ta da Rosari tun ƙarnoni. Ba abin da zai ɓace miki ba ne don kin rage shi na ɗan lokaci.

Kunyar da kike ji in maƙwabta sun tashi salla, ni ban ga aibunta ba, in dai za ta zame miki tuni. Shekaruna a garin nan sun koya mini girmama mutumin da zai bar ciniki a tsakiyar kasuwa ya ɗauki buta. Ikkilisiya ma a babban taron Batikan na biyu, a 1965, ta ambaci Musulmi da girmamawa saboda salla da sadaka da azumi. Abin da suka riƙe, wanda mu da yawa muka saki, shi ne lokaci ba ya jiran sai ka ji sha'awa. Ba na jin kowane mai alwala da asubar hunturu yana yi ne don daɗi. Mu ma muna da namu. A Ayyukan Manzanni sura 3, Bitrus da Yohanna sun tafi Haikali a lokacin addu'a, ƙarfe uku na yamma. Addu'ar Mala'ikan Ubangiji sau uku ce a rana, shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma, kuma ba ta kai minti uku ba. A ƙauyukanmu ƙararrawar coci ke tuna wa mutane. A Mabera ba ki da ƙararrawa, amma kina da ladan. Ni da kiran asuba nake tashi yin tawa addu'ar shekara da shekaru, ban taɓa sa agogo ba. In kin ji an kira, ki ajiye almakashi, ki yi alamar gicciye, ki ce abin da ya sawwaƙa.

Sai maganar munafunci. Munafuki yana jin daɗin rigar da ya ara, ba ya rubuto wasiƙa yana kuka a kanta. Uwar da ta tashi da zazzaɓi ta dafa wa yara abinci, ita ko loma ba za ta iya kaiwa baki ba, ba wanda zai ce yaudarar su take yi. Matan da kike ja wa Rosari addu'arsu na tafiya, taki ma na tafiya a cikin tasu. Kada ki ajiye, balle a wannan wata na Uwarmu. Teresa ta Abila ta taɓa yin abin da kike shirin yi. Ta ga ba ta cancanta ba, ta bar addu'ar zuci fiye da shekara guda tana ganin tawali'u ne, daga baya ta ce ba ta taɓa faɗawa tarko mafi muni ba. Bayan rasuwar mahaifinta ne wani Fada ɗan Dominikan ya mayar da ita kan hanya. Abin da zan yarda da shi, ki nemi mace ɗaya a cikin zumunta, babba mai riƙe sirri, ki gaya mata gaskiyar halin da kike ciki, ku riƙa karɓa-karɓa wurin ja. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Za ki sha mamakin yawan waɗanda suka bi ta wannan hanya a cikin matan nan masu anko da kike gani.

Daina karɓar Jikin Almasihu shi ne abin da ya fi damuna a duk wasiƙar. Abin da ke hana Katolika zuwa teburin Ubangiji shi ne babban zunubi da bai furta ba, wato abu mai nauyi da ya aikata da sani da kuma ganganci. Bushewar zuciya ba ta cikin wannan, baƙin ciki ba ya ciki. Kin hana kanki abinci ne a daidai lokacin da jiki ya fi rauni. Paparoma Fransis ya rubuta a 2013 cewa wannan Sakramenti ba lada ba ne na waɗanda suka kammala, magani ne da abinci na raunana. Kuma me muke cewa dukanmu kafin mu tashi? Ya Ubangiji, ban isa ka shigo gidana ba. Ba wanda ya taɓa isa. Ki je wurin Fada ki yi furcin zunubi, ba don fushin da kika ji laifi ne ba, sai don wata takwas na ɗaukar kaya ke kaɗai ya isa. Kada ki shiga layin Asabar da ake sauri. Ki same shi bayan Mas na safe a tsakiyar mako ki ce kina son minti 20. Ki fara da maganar da kika sa a ƙarshen wasiƙarki. In kin fi sakewa da mace, ki nemi wata Sista ku zauna tukuna.

Game da ƙawarki, na tabbata don ƙauna take jan ki, kada ki ɓata da ita, kuma ba zan zagi cocin kowa ba. Amma Waliyyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuwit, ya bar wata ƙa'ida da na ga amfaninta a rayuwar mutane da yawa: lokacin da rai ke cikin duhu, kada a sauya shawarar da aka yanke lokacin da ake gani sarai. Kowa ya san ba a sayen atamfa da dare. Wurin da ake kiɗa da tsalle har gari ya waye zai iya motsa ki, ki yi kuka, ki ji sauƙi kwana biyu. Ran Laraba kuma ki koma shago da zuciyar nan da maganar da ba ki faɗa ba. In waƙa da addu'a da murya sama kike marmari, akwai 'yan Karismatik a cikin Ikkilisiyarmu, ki leƙa su. In kuma bayan shekara, ranki a kwance, wata tambaya ta taso miki game da koyarwar Katolika kanta, wannan magana ce dabam, sai mu zauna a kanta. Yanzu dai ba koyarwa ce ke damunki ba.

Abu ɗaya da ba ki faɗa ba nake so ki duba. Addu'a ce kaɗai ta fita ranki, ko har da abinci, da ɗinki, da wasa da yara? In kina farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, kina ramewa, komai ya zama ba ɗanɗano, ko kina jin da ma ke ce kika tafi, to wannan ya wuce bushewar addu'a. Ciwon damuwa ne, yana da magani kamar hawan jini, ki je ki ga likita a asibitin koyarwa ko wanda ya fi kusa da ke, ki kuma gaya wa maigidanki. Annabi Iliya da ya kwanta a gindin itace a jeji ya ce ya gaji da rai, mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Gurasa da ruwa ya ajiye masa, ya ce tashi ka ci, har sau biyu.

Ki sa a yi wa ƙanenki Mas, kada ki jira sai 2 ga Nuwamba da ake tuna dukan matattu. Ki zaɓi rana, ki je da maigida da yaran, ki zauna a gaba inda za ki ji an kira sunansa daga bagade. Addu'ar da kika yi masa yana kwance ba ta ƙare da numfashinsa ba, har yanzu yana da buƙatarta, ke ce kuma yayarsa.

In kin sake rubuto mini, ba sai kin ba ni rahoton goma nawa kika ja ba. Labarinsa nake so. Wane abinci yake so in ya zo gidanki, da wane suna yake tsokanarki, kuma wace riga ce ta ƙarshe da kika ɗinka masa.

Taki,
Mama